Kwamfuta ɗaya, na'urorin sauraro barkatai: yadda ake loda wa kowa nasa a gida

Gida mai mutum shida ko bakwai, kwamfuta guda, amma kusan kowa da abin saurarensa. Maigida da rediyonsa mai cin memori, wadda yake kunna tafsiri da ita bayan sallar Asuba. Uwargida da ƙaramar wayarta mai madannai. Yaya da tsohon iPod ɗinsa da ya ƙi rabuwa da shi, 'yar autar gida kuma da ɗan MP3 da aka saya mata don tilawa. Duk su a kwamfutar nan ake yi musu turi, kuma a nan ake samun "wa ya goge min karatuna?" da "me ya kawo waƙar biki cikin memorin Baba?"

Tsarin da zan bayyana ya tsaya ne a kan ƙa'ida ɗaya. Kwamfutar ita ce rumbu, na'urorin kuwa ƙorai ne da ake ɗiba da su. Komai yana zaune a rumbu, daga can yake fita zuwa na'urori, kuma ba a yarda wani fayil ya kasance a memori kaɗai yake da rai. In an riƙe wannan, ɓacewar memori ko lalacewarsa aikin minti ashirin ne. Na rubuta jagorar da Windows a zuciya, don ita ce a mafi yawan gidajenmu.

Fara da sanin irin na'urorin da ke hannunka

Tattaro su duka ka jona su ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda kwamfutar take karɓar kowace. Kashi uku za su faɗa.

Akwai waɗanda suke fitowa kamar filash, da harafinsu irin E: ko F:. Yawancin ƙananan MP3 na kasuwa a nan suke, haka ma duk memorin da ka zaro daga rediyo ko lasifika ka saka a kad-rida, wato abin karanta memori da ake jonawa a kwamfuta. Waɗannan su suka fi sauƙin sha'ani: kwafi da liƙawa kawai.

Akwai masu fitowa da sunansu ba tare da harafi ba. Wayoyin Android duk haka suke, suna amfani da hanyar da ake kira MTP. Sai an buɗe makullin wayar, an ja sanarwar sama an zaɓi tura fayil, kafin kwamfuta ta ga abin da ke ciki. In ka jona waya tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba, kafin ka zargi wayar canza kebul, domin da yawa daga kebul ɗin da ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Wasu na'urorin, irin Sansa Clip na kamfanin SanDisk, suna ba ka zaɓi tsakanin MTP da MSC a saitinsu. Zaɓi MSC, shi ne zai mai da ita kamar filash.

Na uku shi ne iPod, wanda ba ya karɓar waƙa ta kwafi da liƙawa, sai ta manhaja irin ta Apple. Yana da nasa sashen a ƙasa.

Ɗauki takarda ka rubuta: na'urar wa, girman ma'ajiyarta, irin fayil ɗin da take kunnawa. Kwalin na'urar ko 'yar takardar cikinsa kan faɗi iyakar memorin da take ɗauka. Da yawa daga rediyoyi da MP3 masu araha ba sa wuce 32GB.

Kafin ka taɓa komai, kwashe abin da ke cikin kowace na'ura zuwa kwamfuta, kowace a foldarta, ko da kana ganin tarkace ne. Sau da yawa a cikin tarkacen nan ne ake samun wa'azin da aka naɗa a masallacin unguwa ko muryar kaka da aka ɗauka ranar suna, abubuwan da babu su a intanet.

Gina rumbun

Buɗe folda guda ka sa mata suna, misali Rumbu. In kwamfutar tana da ɓangaren D:, can ya fi, saboda ranar da Windows ta rikice aka kai wa mai gyara, ɓangaren C: ake shafewa. A cikinta ka yi manyan foldoji kaɗan: Alkur'ani, Tafsiri da Wa'azi, Waƙoƙi, Karatun Yara, Littattafan Sauraro. Ƙarƙashin kowace, sunan mai karatu ko malami ko mawaƙi, sannan shekara ko sunan kundi. Kada zurfin ya wuce hawa uku. Wanda ke lalube da maɓalli biyu a jikin rediyo ba zai gode maka ba in sai ya shiga folda biyar kafin ya kai ga sura.

A foldar Alkur'ani ka rubuta riwaya a jikin suna. Gidajenmu da yawa akwai mai Warshu akwai mai Hafsu, kuma yaron da ke hadda a makarantar allo in aka loda masa riwayar da ba ita malaminsa ke biya masa ba, an haɗa shi da aiki.

Sai folda ta biyu a gefe, Sababbi. Nan ne kowa zai zuba abin da ya samo, ko daga WhatsApp, ko daga wurin masu turi a kasuwa, ko daga wayar aboki. Babu abin da zai shiga Rumbu sai ya bi ta nan an duba shi.

Yanzu batun wa ke da iko. Mutum ɗaya ne zai riƙe rumbun, kuma ba dole ba ne ya zama babba a gidan. Wanda ya fi haƙuri da tsari shi ya dace. Shi kaɗai zai riƙe akawun ɗin mai cikakken iko, da kalmar sirri. Sauran a buɗe musu akawun na gama-gari, wanda Windows ke kira Standard, ko kowa da nasa ko guda ɗaya na 'yan gida. Daga nan ka danna foldar Rumbu da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Security, sannan Advanced. Danna Disable inheritance ka zaɓi a mayar da izinin da aka gada ya zama na foldar kanta. Sai ka gyara layin Users da na Authenticated Users su tsaya a Read & execute kaɗai. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa, alhali ta nan ne kowa yake samun damar gogewa. Da ka gama, shiga ta akawun ɗin yara ka gwada goge fayil ɗaya. In ta hana ka, aiki ya yi. Za su iya saurare, za su iya kwafa zuwa na'urarsu, amma ba za su iya sharewa ko sauya suna ba.

Wasu suna amfani da foldar C:\Users\Public\Music, tunda kowane akawun yana ganinta. Ta yi daidai da Sababbi. Ba ta yi da Rumbu ba, don duk mai ganinta yana iya share abin da ke cikinta.

Gyaran fayiloli, inda aikin yake da gaske

Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma nan ne ribar take.

Na farko lambobi. Na'ura ba ta lissafi irin na mutum: in ka sa wa fayiloli 1, 2, 3 har zuwa 114, za ta jera 1, sai 10, sai 100, sai 101, kafin ta zo kan 2. Don haka surori su zama 001 zuwa 114, izu-izu kuma 01 zuwa 60. Tafsirin azumi a sa shekara da rana, kamar 2024-01, 2024-02, har ƙarshen wata. Lamba ta zo a farkon suna, kuma sunan ya zama gajere, saboda fuskar ɗan MP3 haruffa kaɗan take nunawa lokaci guda.

Na biyu haruffa masu ƙugiya. Windows ba ta da matsala da ƙ da ɗ da ɓ, wayar Android ma haka, amma na'urori masu araha da yawa sai su nuna akwati ko alamar tambaya a madadinsu. A sunan fayil na fi son a rubuta k da d da b zalla. Sunan Larabci ma a rubuta shi da boko.

Na uku bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin, waɗanda ake kira ID3: sunan waƙa, mai ita, kundi, lambar jeri. Rediyo mai memori ba ruwanta da su, amma iPod da manhajojin waya da su kaɗai suke aiki. Shi ya sa za ka loda wa'azi hamsin a waya, ka buɗe ka tarar duk sunansu ɗaya, sunan shafin intanet ɗin da aka sauke su. Manhajar Mp3tag kyauta ce kuma ta ƙware a wannan. Ka jawo folda gaba ɗaya cikinta, ka zaɓi duka, ka rubuta sunan malami da na kundi sau ɗaya, ka adana. Tana da hanyar ba su lambar jeri kai tsaye, tana kuma iya ɗauko suna daga sunan fayil ta zuba a ciki. A saitinta ka bar ta a kan ID3v2.3, don shi tsofaffin na'urori suka fi ganewa.

Na huɗu nau'in fayil. MP3 ne kaɗai za ka iya rantsuwa kowace na'ura a gidan za ta kunna. Saƙon murya na WhatsApp a nau'in Opus yake zuwa, abin da aka naɗa da waya kuma sau da yawa M4A ne ko AMR, kuma rediyon Baba tsallake su za ta yi kamar babu su. A juya su zuwa MP3 da fre:ac ko VLC, dukansu kyauta ne. Ka ajiye na asalin a wata folda, domin duk juyi yana rage ingancin sauti, kuma juya fayil mai rauni zuwa lambar kbps mai girma, wato ma'aunin ingancin sauti, ba ya dawo da abin da ya tafi, wuri kawai yake ci.

Lissafin wuri ba shi da wuya. Fayil mai 128 kbps yana cin kusan megabait ɗaya a minti, wajen 58 a awa. Mai 64 kbps rabin haka, wajen 29 a awa, kuma ga magana zalla irin wa'azi ko darasi ya wadatar. Mai 320 kbps yana cin megabait 2.4 a minti, wanda a lasifikar ƙaramar rediyo ba wanda zai ji bambancinsa. Ke nan tafsirin wata guda, in ana yin awa biyu kullum, awa sittin ne: a 64 kbps bai kai gigabait biyu ba, a 128 kuwa ya kusa uku da rabi. Wannan shi ke raba ko memori mai 4GB zai ɗauki tafsirin da saukar Alkur'ani tare, ko sai an zaɓi ɗaya.

In ƙarar fayilolin ta bambanta, wani sai an ƙure murya wani kuma ya fasa kunne, MP3Gain tana daidaita su ba tare da ta sake juya sautin ba. Ga mai sauraro da iyafis cikin dare, wannan gyara ne mai daraja.

Abin da aka sauke a cikin Spotify, Boomplay, Audiomack ko Apple Music don saurare ba data, a kulle yake cikin manhajar. Kada ka wahalar da kanka neman sa a foldojin waya don ka kai rumbu. Kuma tunda zancen ya zo: mawaƙa da masu shirya sauti da wannan sana'ar suke ci, Najeriya ma ta sabunta dokar haƙƙin mallaka a 2023. Loda wa 'yan gida abin da aka saya ko wanda mai shi ya saki kyauta daban, mayar da kwamfutar gida shagon turi daban.

Shirya memori

Sabon memori a gwada shi kafin a yarda da shi. Na jabu sun cika kasuwa: a jiki an rubuta 32GB, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin abin da ke ciki bai kai ba. Alamarsa ita ce fayilolin farko su yi lafiya, na baya kuma su ƙi buɗuwa ko su koma sunaye marasa ma'ana. Manhajar H2testw tana cika memorin da bayanai sannan ta karanta su, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar lokaci, a bar ta ta gama. Amma kada ka ɗauka an cuce ka don mai 8GB ya nuna 7.4, ko mai 32GB ya nuna wajen 29. Wannan bambancin hanyar ƙirga ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Sai fomatin, wato shafe memori gaba ɗaya a ba shi tsarin ajiya. Memori mai 32GB zuwa ƙasa da tsarin FAT32 yake zuwa, kuma shi kusan kowace na'ura take karantawa. Daga 64GB zuwa sama da exFAT suke zuwa, wanda tsofaffin rediyoyi da MP3 da yawa ba su san shi ba. Sai ka saka memori sabo fil ta ce babu kati. Mafi sauƙi shi ne ka tsaya a 32GB ko ƙasa ga irin waɗannan na'urori. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, amma a harkar sauti da wuya ka ci karo da wannan. In na'urar tana da wurin fomatin a saitinta, yi a can.

Kowane memori a raɗa masa suna. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Rename, ka rubuta BABA-REDIYO ko INNA-WAYA. FAT32 haruffa 11 yake ɗauka, kada ka wuce. A jikin memorin ma a ɗiga alama, ko da jan farce ne, kowa da launinsa, saboda microSD biyu baƙaƙe a kan tabarma ba mai iya bambance su.

Na'urar da ake jonawa kai tsaye da kebul za ka iya ba ta harafi na dindindin. Danna tambarin Windows da maɓallin dama, ka shiga Disk Management, ka danna na'urar, ka zaɓi Change Drive Letter. Ɗauko haruffan can ƙasa, M ko N ko P, don kada su yi karo da filash ɗin baƙo. Sai dai a kula: in ta kad-rida kake saka memori, harafin kad-ridar yake bi, ba memorin ba. Memorin Baba da na Inna duk za su fito da harafi ɗaya. A nan sunan da ka raɗa shi ne shaidarka, ka karanta shi kowane lokaci kafin ka danna wani abu.

Rabon kowa

Hanya uku ce, gwargwadon yawan kayan da kuma ƙarfin halin mai riƙon rumbu.

In na'urorin biyu ne ko uku kuma ba a yawan canza abin da ke ciki, kwafi da hannu ya isa. Abu ɗaya: Copy, ba Cut ba. Izinin da ka gyara a baya zai hana yara yin wannan kuskuren, amma kai mai cikakken iko babu mai hana ka.

Hanya ta biyu ita na fi ba gida mai yawa shawara. Yi folda mai suna Rabo, a cikinta kowa da tasa: Baba, Inna, Auta. Abin da mutum yake so a na'urarsa a kwafa shi daga Rumbu zuwa foldarsa, kuma kowa yana iya yin nasa da kansa. Girman foldar kada ya wuce girman memorinsa. Sannan a sa manhaja ta mai da memorin ya zama daidai da foldar. FreeFileSync tana yin wannan: hagu foldar mutum, dama memorinsa, a zaɓi Mirror, a danna Compare a ga abin da za ta ƙara da wanda za ta cire, sannan a danna Synchronize. Ana iya adana saitin kowa da sunansa, gobe dannawa biyu ne. Illar wannan hanya ita ce fayil yana zama sau biyu a kwamfutar, amma sauti ba shi da nauyin bidiyo.

Wanda ba ya tsoron baƙin allon rubuta umarni, wato Command Prompt, Windows tana da umarnin kwafi mai suna robocopy a cikinta:

robocopy "D:\Rabo\Baba" "M:\Sauti" /MIR /FFT /L

/MIR yana sa ɓangaren dama ya zama madubin na hagu, wato yana goge duk abin da babu shi a hagu. /FFT yana hana a sake kwafe komai saboda ɗan bambancin yadda FAT32 ke rubuta lokaci. /L kuwa gwaji ne: zai nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. In ka gamsu, sai ka cire /L ka sake bugawa. Lura cewa na nufi foldar Sauti da ke cikin memorin, ban nufi M: gaba ɗaya ba. In memorin waya ne, akwai hotuna da bidiyo a cikinsa, kuma /MIR a kan memorin dukansa zai tafi da su, ba kuma za ka same su a kwandon shara ba. Robocopy ba ya aiki da wayar da ba ta da harafi. Ita sai FreeFileSync ko a zaro memorinta.

Hanya ta uku ta masu son jerin waƙoƙi ce. MusicBee kyauta ce a Windows. Ka nuna mata Rumbu, ka yi wa kowa jerinsa, sannan a saitin kowace na'ura ka zaɓi jerin da za a riƙa tura mata. Tana tuna saitin kowace na'ura daban, tana kuma iya juya fayil zuwa MP3 yayin turawa. Ba ta ninka fayiloli a kwamfuta. Sai dai tana son wanda zai zauna ya koye ta.

Idan jerin ya ƙi bin lamba

Za ka iya sa lambobi daidai, ka saka memori a rediyo, ta fara da sura ta 036. Dalili shi ne na'urori masu araha da yawa ba sa duba suna. Tsarin da aka rubuta fayilolin a memorin suke bi, wanda ya fara shiga shi ne farko. In ka zaɓi fayiloli da yawa ka ja su da linzami, Windows kan fara da wanda ka kama. Maganin shi ne a goge foldar daga memorin, a kwafo foldar sukutum a matsayin abu guda. In an riƙa ƙari da ragi har jerin ya hargitse, ko dai a yi fomatin a sake lodawa daga Rabo, ko a yi amfani da 'yar manhajar DriveSort ta sake jera su. Ga mai hadda wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka ka kunna ka saurari farkon fayil uku ko huɗu kafin ka miƙa wa mai ita.

Sha'anin iPod

Apple ta fito da iPod a 2001, ta daina yin na ƙarshensa a 2022, amma har yanzu suna yawo a hannun mutane, musamman na gwanjo. Halinsa daban ne. In ka jefa MP3 cikinsa kamar filash, zai ajiye amma ba zai kunna ba. Sai ta manhaja irin iTunes, ko a sababbin Windows ta manhajojin Apple Music da Apple Devices. In ka saka waɗannan sababbin, iTunes ta daina kula da waƙoƙi, don haka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Babban haɗarinsa: iPod da ma'ajiyar iTunes guda ɗaya yake ƙulla alaƙa. In an jona shi da wata, za ta yi tambaya ko a goge a daidaita, Erase and Sync. Wanda ya danna ba tare da ya karanta ba, duk abin da ke ciki ya tafi, kuma iTunes ba ta kwaso waƙa daga iPod zuwa kwamfuta sai wadda aka saya a shagon Apple. Saboda haka, tun kafin ka jona kowane iPod, shiga Edit, Preferences, Devices, ka sa alama a layin da ke hana daidaitawa kai tsaye. A Advanced kuma ka cire alamar da ke sa iTunes ta kwafi fayiloli zuwa foldarta da wadda ke sa ta sake musu tsari, don ta karanta daga Rumbu kawai ta bar shi yadda yake.

In iPod biyu ne a gidan, ma'ajiya ɗaya ta ishe su. Yi wa kowa jerinsa, ka jona iPod ɗin, a shafin Music ka zaɓi a tura zaɓaɓɓun jeri maimakon ma'ajiyar duka. iTunes tana tuna zaɓin kowane iPod. In kuwa masu su ba sa son ganin kayan juna, kowa ya shiga ta akawun ɗinsa na Windows, zai sami ma'ajiyarsa daban; ko a riƙe Shift yayin buɗe iTunes, za ta tambaya wace ma'ajiya za a buɗe ko a ƙirƙiri sabuwa. Wannan ta Shift ɗin ba na son ta a gida mai yara, domin iTunes da ma'ajiyar da aka rufe ta da ita take buɗewa, kuma wata rana wani zai jona nasa a ma'ajiyar ɗan'uwansa.

iPod na gwanjo da aka shirya a kwamfutar Mac, Windows ba za ta karanta shi ba sai an yi masa Restore, wanda ke shafe komai. Tsofaffin iPod da aka shirya a Windows kuwa, waƙoƙinsu suna cikin ɓoyayyar folda iPod_Control, ƙarƙashin Music, a foldoji F00, F01 da sauransu, da sunaye masu haruffa huɗu marasa ma'ana. A kwafo su haka nan, Mp3tag za ta dawo musu da sunayensu daga bayanan da ke cikinsu.

Bairos, wuta, da zare memori

Memorin da ya je shagon turi ko kwamfutar makaranta, a ɗauka ya kwaso wani abu har sai an tabbatar. Kashe AutoPlay, mai buɗe memori da kansa da zarar an jona, a saitin Windows. A File Explorer ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil, don ka gane abin da ya ce shi waƙa ne alhali da .exe ya ƙare. Kafin buɗe baƙon memori, danna shi da maɓallin dama ka sa Microsoft Defender ya bincike shi. Wannan ma wani dalili ne na hana yara akawun mai cikakken iko.

Bairos ɗin da ya fi yawo shi ne mai mayar da foldoji su zama 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya a gefe. Kada ka danna su, dannawar ce ke tayar da shi. Fayilolinka suna nan, ɓoye su ya yi. Bayan bincike, buɗe Command Prompt ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d M:\*.*

ka sauya M da harafin memorin. Foldojin za su bayyana. In memorin ɗan gida ne da rabonsa ke kwamfuta, kada ma ka tsaya wannan: fomatin, sake lodi.

Kada a zare memori ana cikin rubutu, a riƙa danna Eject tukuna. FAT32 ba ya jure yankewa, kuma ɗauke wutar NEPA a tsakiyar turi daidai yake da fizge kebul. Laftof batirinta yana kare ta. Kwamfutar tebur kuwa in babu UPS, a bar babban turi sai lokacin da wuta ta zauna ko an tada janareta. In memori ya fara nuna sunaye na shirme, umarnin chkdsk M: /f yakan gyara, amma wanda ya yi haka sau biyu ya kusa mutuwa, a canza shi.

Rumbun kansa yana buƙatar na biyu. Samo ma'ajiya ta waje, ko babban filash in kayan ba su da yawa, ka riƙa kwafe Rumbu da Rabo a kai duk wata da FreeFileSync ɗin nan. A nan ka zaɓi Update maimakon Mirror, don abin da aka goge bisa kuskure a kwamfuta kada ya ɓace a can ma. In an gama a zare ta a ajiye a wani ɗaki, saboda wutar da ta ƙona kwamfuta ba za ta bar abin da ke jone da ita ba. Abubuwan da aka naɗa a gida, waɗanda ba za a sake samu ba, a ƙara musu wuri na uku a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Saƙonnin murya na sirri kuwa kada su shiga Rumbu tun farko. Kowa ya ajiye nasa a akawun ɗinsa, tunda duk abin da ke Rumbu har autar gida tana iya kunna shi.